Muhawara: Mita 800 Zuwa Tashar Jirgi, Kusa Ne Ko Nesa a Sakkwato?

Injiniya daga Arkilla: Assalamu alaikum. Ina nan a kan maganata ta jiya, cewa idan wata rana aka shimfiɗa jirgin ƙasa na cikin gari a Sakkwato, duk wanda gidansa bai wuce mita 800 daga tasha ba, jirgin ya biya masa buƙata. Da wannan ma'auni masu tsara birane suka saba aiki, domin tafiya ce ta kamar minti 10 a ƙafa.

Malama daga Mabera: Wa alaikumus salam. Injiniya, ka yi haƙuri, ban gamsu ba. Minti 10 ɗin nan na saurayi ne mai ƙafa da sanyin safiya. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka dubi mace da goyo a baya, yaro a hannu, ledar cefane a ɗaya hannun, a kan titin da babu inuwa, babu gefen masu tafiya a ƙasa, sai buɗaɗɗiyar kwata. Kabu-kabu za ta tare a bakin layinsu, kuma wadda ta riga ta hau kabu-kabu ba za ta sauka a tasha ta jira jirgi ba, cewa za ta yi a wuce da ita Babbar Kasuwa.

Alhaji daga Runjin Sambo: Malama ta faɗi gaskiya, kuma Abuja ta ishe mu misali. An buɗe jirginta a 2018 da tashoshi 12, ya tsaya a 2020 lokacin korona, sai a watan Mayun 2024 ya dawo aiki. Babban ƙorafin jama'a shi ne tashoshi da dama sun yi nesa da unguwanni, wasu ma sai da aka yi musu hanyoyin shiga kafin a sake buɗewa.

Injiniya daga Arkilla: Alhaji, ai wannan hujjata ce, domin laifin inda aka ajiye tashoshin ne. A Legas, layin Marina zuwa Mile 2, mai tsawon kilomita 13 da tashoshi 5, ya ratsa inda mutane suke tun asali. Abin da zan amsa wa Malama shi ne, a taswira da'irar mita 800 ake zanawa kewaye da tasha, alhali ƙafa lungu take bi, kuma a cikin tsohon gari wajen Ƙofar Rini mita 800 na takarda kan zarce haka sosai.

Malama daga Mabera: To, Injiniya, mun fara kusantar juna. Sharaɗina shi ne a auna nisan da ƙarfe 2 na rana, tare da tsohuwa mai sanda, kuma a dasa dogon yaro a kan hanyar tashar kafin a kafa ƙarfen farko. Idan ta isa ba ta nemi wurin zama ba, zan sa hannu a kan mita 800 ɗinka.