Wai kuɗin cacar ƙwallo ake zubawa a makarantun yaranmu, ya kuke gani?

Ɗan Zango a Bronx:
Salam jama'a. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun jiya. Ni tuƙin tasi nake a nan New York, jiya mun tsaya cin abinci da wani abokin aikina, shinkafarsa har ta huce yana ta danne-danne a waya wai ya zuba dala 40 a kan Arsenal, na ce malam ka ji tsoron Allah mana, sai ya kwashe da dariya ya ce ai kuɗin nan makarantar da yarana suke zuwa ake kai su, wai har ni ina ci. Wlh na rasa amsa. Don gsky ne tun Janairun 2022 aka fara cacar wasanni ta waya a hukumance a jihar nan, gwamnati na yankar kashi 51 cikin 100 na abin da kamfanonin suka samu, mafi yawa kuma asusun ilimi ake cewa yana tafiya. Yarana biyu suna makarantar gwamnati. Toh wannan dabara ce mai kyau ko yaudara ce kawai?

Akanta_Missouri:
Yayana sannu da aiki. Abin ya samo asali ne daga 2018 da kotun ƙolin Amurka ta soke dokar tarayya da ta hana jihohi halatta cacar wasanni, daga nan kowa ya buɗe ƙofa, yanzu jihohi sun haura 30. Mu nan Missouri a zaɓen Nuwamban 2024 aka kawo mana ita, tallan duk ba a nuna ƴan caca, malaman makaranta da yara ake ta nunawa, kuma da ƙyar ta tsallake, tazarar ƙuri'u ƴan dubbai ne kawai. Harajin namu ma kashi 10 ne.

Amma duba lissafin jiharku. A 2024 harajin ya ɗan haura dala biliyan 1, ka ji kamar wani abu, sai dai abin da jihar ke bai wa makarantu a shekara ya fi biliyan 30. Kaga ko kashi 4 bai kai ba. Sannan ga inda gizo ke saƙar, ka san maigidan da in ya ji uwargida ta ɗauki adashi sai ya rage kuɗin cefane? Haka ƴan majalisa suke iya yi, kuɗin caca ya shigo ta nan su janye na da ta can su kai wani wajen, tukunya tana nan yadda take. An sha wannan ƙorafin tun zamanin kuɗin lotiri. Don haka kar abokinka ya yi maka gori, ba shi ke riƙe da makarantar ba.

Abu Hafsa, Kano:
Ɗan'uwa maganar ai a fili take, aya ta 219 a Baƙara ta ce giya da caca akwai amfani ga mutane amma zunubinsu ya fi amfaninsu girma. Ba a wanke najasa da fitsari. Mu nan Hisbah ta rufe shagunan a 2024 kuma mun ji daɗi.

Baban Ghana:
Malam Abu Hafsa an rufe shago, an rufe waya? Yaron da ke gidan kallon ƙwallo yana zaune kusa da kai yana bugawa ba ka sani ba. Ni ba na yi, amma tunda ana yi gara gwamnati ta karɓi nata da dai kamfani ya kwashe duka. Kuma a Najeriya tun hukuncin kotun ƙoli na Nuwamban 2024 harkar tana hannun jihohi, wadda ta ga dama ta hana wadda ta ga dama ta tatsa. Mu a Ghana an sa harajin kashi 10 kan abin da mutum ya ci a 2023, matasa suka yi ta ihu, 2025 aka cire.

Malama Uwar Ɗalibai:
Baban Ghana ka yi haƙuri zan ɗan saɓa maka. Ranar da gwamnati ta fara cin abinci daga caca, ranar ta daina son a daina. Ni aji shida nake koyarwa a sakandare, bara akwai yarona mai ƙoƙari, mahaifiyarsa ƙosai take soyawa ta tara masa kuɗin NECO a gwangwanin madara, ya ɗauka wai zai ninka, wasa ɗaya ya yanke masa tikiti. Ta zo ofis mayafinta duk warin mai ta kasa magana, mu malamai muka yi karo-karo. Kuma mu matsalarmu ba rashin hanyar kuɗi ba ce fa, ga kuɗin UBEC, hukumar tarayya mai tallafa wa ilimin matakin farko, can jibge jihohi da yawa sun kasa kawo nasu rabin su karɓa.

Ɗan Zango a Bronx:
Nagode duka. Akanta zan kai masa misalin adashin nan yau da dare, in ya ɗago kai daga wayar, don Arsenal ɗin ma kunnen doki suka yi.