Antibodi fa, me za mu kira shi da Hausa?

Salam 'yan uwa. Jiya ina fassara wani bayani kan allurar rigakafin mura, murar nan mai kwantar da mutum da zazzaɓi da ciwon gaɓɓai wadda likitoci ke kira infuluwenza, sai na cije a kan kalma ɗaya, antibodi. Garkuwar jiki kam mun riga mun zauna a kanta, to amma garkuwa ai tsaron ne gaba ɗaya, shi kuwa wannan abu ɗaya ne a cikinta, jiki ke ƙera shi ya zuba cikin jini.

Na ji da yawa suna cewa sojojin jiki, ni dai wallahi bai kwanta min ba. Sunan ya fi dacewa da fararen ƙwayoyin jini. Antibodi kowanne da abin da aka ƙera shi dominsa. Ƙwayar mura tana da wasu ƙayoyi a bayanta, babbar ita ce hemagulutinin, wato H ɗin da kuke gani a sunayen ire-iren mura kamar H1N1 da H3N2, da ita take maƙalewa a hanyar numfashi. In an yi maka allura, cikin kamar sati 2 jiki ya haɗa abin da zai kama ƙayar nan ya toshe ta, sai ita kuma ƙwayar ta riƙa sauya fasalin ƙayar kaɗan kaɗan har na bara ya zo ya kasa riƙe ta da kyau, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke zama sau 2 a shekara, Fabrairu don arewacin duniya, Satumba don kudanci, a zaɓi irin da za a sa a allura.

Shawarata ita ce MAKARI. Kowane dafi da makarinsa, na kunama ba ya yi wa na maciji aiki. Daidai abin da ake nufi kenan.

Ku duba yadda ake auna shi ma. A ɗebi ruwan jinin wanda aka yi wa allura, a yi ta sirka shi ninki ninki, a haɗa da ƙwayar mura da jajayen ƙwayoyin jinin talotalo ko kaza. In makarin ya riƙe ƙwayar, jinin sai ya kwanta a ƙasan ɗan ramin farantin gwajin kamar ɗigon jan tawada. Wanda aka sirka nasa har ninki 40 amma makarin yana nan da ƙarfinsa, ana ɗaukar haɗarin kamuwarsa ya ragu da kusan rabi.

Wani malaminmu ya yi gyara a komen, ya ce makari ai na sammu ne, kuma sha ake yi, daga waje yake zuwa. Allah ya ƙara ilimi Malam, gaskiyarka. To mu ce makarin jiki, kowa ya san na ciki ne. Na gwada shi a jumla: tsofaffi jikinsu ba ya haɗa makari sosai, shi ya sa a Amurka ake yi wa masu shekara 65 zuwa sama allura mai ninki 4 na abin da ke cikin ta yau da kullum. Ga wata: tun 1960 Thomas Francis, wani masanin ƙwayoyin cuta ɗan Amurka, ya nuna jiki ya fi komawa ga makarin murar da ya fara gamuwa da ita yana yaro. Ni a kunnena ya zauna daram, shi zan sa a fassarar.

Saura antijen, abin da ke tsokano makarin. Hajiya, ke da kike aikin lab, me kuke ce masa in kuna yi wa marasa lafiya bayani?