Kubet ɗinmu sun koma ruwan shayi bayan an haska su da gama

Mai tambaya: Salamu alaikum malamaina. Labo ne nan Yamai, kubet huɗu gare mu (ƙananan kwalaben da ake zuba samfuri a auna hasken da yake sha) na kwarts, wato silika tsantsa, masu 10 mm. Da ƙyar aka samo su, kuma ɗalibai duka da su suke awo. An aika da su da samfuri a ciki aka haska da radiyeshon gama na kobalt-60, adadin 25 kGy. Biyu sun dawo ruwan shayi, ɗaya cikinsu ta tsage a gindi. Biyun da suka rage fes suke, amma suna shanye hasken da tsawon zangonsa bai kai 230 nm ba. Saura mako uku a kare aiki. In jefar ko akwai gyara?

Malamin fizik: Masu ruwan shayin ba kwarts ba ne. Silika tsantsa ba ta rinewa haka a 25 kGy, gilashi mai sodiyom ko boron ne ke yi. Sa ɗaya wayam a na'urar auna shan haske a 250 nm, in hasken bai wuce ba gilashi ne. Gilashin gama-gari ba ya barin haske ƙasa da kusan 320 nm ya wuce. Biyun da suke fes kuwa gama ce ta tsinka haɗin silikon da oksijin, ta bar tabon da ake kira E', mai shan haske a 215 nm. Gasa su a 500°C awa ɗaya, su huce cikin tanda.

Wata mai awo: Malam, a yi hattara. In da gam aka manna ɓangarorin, tanda za ta wargaza su. Kuma 300°C zuwa 400°C ya isa.

Wani: Tsagewar fa? Radiyeshon na matse silika ta ƙara tauri.

Malamin fizik: Wannan aikin nutron ne a cikin riyaktan nukiliya, can ma matsewar kan tsaya wajen kashi 3 cikin ɗari. Nan gam ne ya bushe ya saki.

Wani dabam: Wace tanda ma? Wuta ta ɗauke tsakiyar gashi, wa zai biya? Ga 'yan kawo kaya, ko takardar shaida ba sa haɗawa.

Mai tambaya: Malam, a kwalin kwarts aka rubuta, duka huɗun. Kuma samfurin ba ya juyuwa a wata kwalba, dole a cikinsu za a haska.

Malamin fizik: Kwali ba awo ba ne, ɗana. Ka gwada 250 nm ɗin?

Mai tambaya: Na'urar na hannun wani har Litinin. In na daidaita sifili da kubet ɗin da ta rine, ba zai wadatar ba?