Gidan da muka gina tare: ya sake ni, yanzu kuma ya rasu

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum. Duk wanda irin wannan ta taɓa faɗa wa, don Allah ya gaya min yadda tasa ta ƙare. A 2012 ni da baban yarana muka sayi fili a Rijiyar Zaki. Sarƙata da awarwarona na sayar na ba da rabin kuɗin, kwasar adashina biyu kuma suka tafi a bulo da kwanon rufi. Takarda sunansa kaɗai, don lokacin ko a mafarki ban kawo rabuwa ba. A 2019 ya sake ni, ban tayar da maganar ba saboda yara na ciki. Watan jiya Allah ya yi masa rasuwa. Yanzu ƙannensa sun ce gida duka gado ne, sakakkiya ba ta da ko tubali.

Hajiyar Rigasa:
Allah ya jiƙansa. 'Yar uwa, ni ma na taka wannan ƙayar. Kuskuren da na fara yi shi ne cewa ina neman gadona. Alƙali ya ce, Hajiya, idda ta ƙare shekaru, babu gado tsakaninku, amma in kina da kuɗi a ginin, wannan haƙƙinki ne, sai an cire shi kafin a raba abin da ya saura. Sai ya nemi shaidu biyu. Na kawo maginin, tsoho tukuf, ya ce da hannuna na riƙa miƙa masa kuɗin leburori a ƙulle cikin leda. Mai gwal ya zo da wani tsohon littafinsa duk ya sha maiƙo, ga kwanan wata ga nauyin sarƙar. Bayan haka ma sai da na yi rantsuwa cewa marigayi bai biya ni ba, ban kuma yafe ba, tunda mamaci ba zai tashi ya kare kansa ba. Sulusi aka ba ni maimakon rabi, don kuɗin rufi ban da mai shaida. Har yau abin na min ciwo.

Sannan ƙannen nan, da wane baki suke magana? Muddin akwai ɗa namiji, 'yan uwan mamaci ba su da ko sisi.

Ɗan Maraɗi:
Tamu daban ce, amma a riƙa duba lokacin sakin. Mahaifinmu yana kwance a ciwon ajali ya yi wa innarmu saki uku, bai tashi ba. Malamin da ya raba mana ya ce a mazhabar Malikiyya tana gado ko da iddarta ta ƙare, ya kawo hukuncin Sayyidina Usmanu a kan matar Abdurrahman ɗan Aufu. Suka raba tumuni da kishiyarta, rabinta na gonar da suka saya tare kuma aka ware mata tun farko.

Abban Sadiya:
Ni namiji ne, kuma ni abin ya juyo kaina. Shago muka saya da tsohuwar matata, rabi da rabi, takarda sunana. Ta rasu shekara uku bayan rabuwarmu. Ba wanda ya san da kuɗinta a ciki sai ni da Allah, kuma gaskiya Shaiɗan ya raya min in ja bakina. Kwana biyu ban runtsa ba. Na je na faɗa wa mahaifinta. Aka kira dillalai suka yi wa shagon kuɗi, na sayi rabinta, aka raba wa 'yarmu da iyayenta. Ni ban ci ko kwabo ba, tunda aure ya ƙare.

Maman Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, jiya na zazzage tsohuwar akwatina, na samu rasit biyu na bulo da sunana. Uwar adashinmu tana nan da ranta, maginin ne aka ce ya koma garinsu wajen Bichi. Yayana zai je nemansa ranar Asabar.