Wai albashi ne kaɗai ke korar likitoci daga asibiti?

Maman_Hanan:
Salam yan uwa, tambaya gareni musamman ga likitocin cikinmu. Kullum ana cewa kuɗi ne ke sa likita ya ajiye aikin asibiti, amma ko a ƙasashen da ake biyansu da tsoka ai suna guduwa, wasu su koma aikin rabin lokaci wasu su bar likitancin ma kwata-kwata. To meye asalin matsalar ne?

Likitan_Dare:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kuɗi na ciki amma wallahi rosta, wato jadawalin aiki, ce ke karya mutum. Ka shiga kol (doguwar duti ta jiran kira) da safe ka kwana kana zarya tsakanin imajensi da wod (ɗakin kwantar da marasa lafiya), gari ya waye maimakon ka tafi gida sai a ce ka tsaya zagayen duba marasa lafiya, ka isa gida yara na murna sun ga baba kai kuwa idonka ko buɗuwa baya yi. Kuma abin haushin ba a fitar da rostar da wuri, an sa ranar auren ƙaninka amma baka san ko kana aiki ranar ba. Mutum ɗaya ya tafi, kol ɗinsa ya dawo kan waɗanda suka rage, su ma su fara neman hanya.

Abu_Safwan:
Gaskiya Dakta ya faɗa, kuma ba yau aka fara ba. A Amurka sai da wata budurwa Libby Zion ta rasu a wani asibiti a New York a 1984 a hannun ƙananan likitoci masu doguwar kol, sannan aka fara maganar ƙayyade awoyi. A 2003 aka sa wa likitoci masu neman ƙwarewa iyakar awa 80 a sati, ku ji fa, 80 ɗin ita ce sassauci! Tarayyar Turai kuma awa 48 ce a matsakaici. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ma ta amince wannan gajiyar da ke cinye ma'aikaci daga wurin aiki take tasowa.

Sista_Nas:
Ni dai ban yarda rage awa kaɗai zai yi magani ba. In ba a ƙara ma'aikata ba aikin nan dai yana nan, za a matse shi ne cikin ɗan lokaci, kuma yawan miƙa mara lafiya daga hannu zuwa hannu shi ma yana sa bayani ya ɓace. Sannan ba wanda ya taɓo likitoci mata, mai shayarwa a sa ta kol na dare ba wurin ajiye jariri, in ta nemi canji babban likita ya ce mu ma haka muka yi a zamaninmu.

Likitan_Dare:
Sista wannan kalmar ta "mu ma haka muka yi" ta kori mutane fiye da yadda ake zato. A ba mu rosta da wuri, a bari mu yi musayar kol a tsakaninmu ba sai an yi ta roƙo ba, wanda ya kwana kuma a sallame shi da safe.