Masu cin ɗanyen abinci, ya kuke yi da nama?

Maman Biyu: Salam 'yan uwa. Wata biyar kenan da na koma cin ɗanyen abinci, ba gaba ɗaya ba dai, da safe kankana ko gwanda da dabino, da rana salak na kabeji da karas da gurji da lansir in barbaɗa ƙuli, da daddare ne kawai nake ɗan taɓa dafaffe. Alhamdulillah kumburin cikin nan ya tafi, zannuwana ma sun fara yi min yawa. To jiya maigida ya shigo da tsire cikin takarda, mai ya jiƙa ta sharkaf ga albasa ga yaji, wallahi ban san sanda na cinye tsinke biyu ba, daga baya sai naji kamar na karya azumi da gangan. Ga babbar sallah na tahowa. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa min, cin nama jefi-jefi yana rusa tsarin ne ko kuwa?

Ɗan Damagaram: Hajiya tsinke biyu ne fa ba rago ba hhh. Ni shekara biyu ina yi, ranar Juma'a bayan masallaci nake cin nama kuma ban ga abin da ya rage ni da shi ba. Abin da zan ja miki kunne kawai shi ne yawa. Sallar da ta wuce nayi kusan wata uku ban ci ba sai na zauna kan soye da kayan ciki tun azahar har magariba, daren nan ban runtsa ba, ciki kamar an ɗura min siminti, kwana biyu ban zaga ba. Yanzu yanka uku huɗu nake ci da tumatir da kokwamba masu yawa a gefe, shikenan lafiya lau.

Uwar Gida: Ni fa nawa labarin daban ne kuma shi yasa bana wasa da maganar nan. Na bar nama da ƙwai da madara kwata-kwata sama da shekara uku saboda wasu bidiyoyi da nake kallo a YouTube, farko naji daɗi sosai jikina sakayau, ashe abin yana tafe a hankali. Sai jiri, in na hau bene sai haki, tafin ƙafata yana min kamar ana tsira allura, gashi kuma in na taje sai ya cika matajin. Mama tace aljanu ne, aka yi ta hayaƙi. Da naje asibiti aka ɗibi jini likita tace jinina yayi ƙasa kuma bitamin B12 ɗina ya ƙare, tace shi wannan ba a samunsa a ganye ko 'ya'yan itace, sai nama, hanta, kifi, ƙwai, madara ko kuma ƙwayar magani, kuma hantar mutum tana ajiye shi na shekaru shi yasa ba ka ganewa da wuri, sai rumbun ya ƙare tukuna. Allurai aka yi ta min. Yanzu har gobe rabin abincina ɗanye ne amma sati ba ya wucewa ban ci hanta ko kifi ba, ga dafaffen ƙwai. Ƙafar ta ɗau watanni kafin ta saki.

Maman Biyu: Innalillahi, Allah ya ƙara lafiya Anti. Ni dai ina shan kindirmo, ko ya wadatar?

Uwar Gida: Amin ƙanwata. Yana taimakawa ta wajen B12 amma madara bata da sinadarin ƙarfe na kirki, shi kuma a nama jiki yafi saurin ɗaukarsa fiye da na ganye. In ganyen za ki ci ki matsa lemon tsami a kai, kuma kar ki bi shi da shayi nan take, shayi yana tare shi. Mu mata da muke zubar da jini duk wata ai mun fi kowa buƙata.

Malam na Zariya: Ni ban yarda ba gaskiya, ku yi haƙuri. In ɗanye ne ɗanye ne, masu tsarin a ƙasashen Turawa ƙa'idarsu kar abinci ya wuce zafin wajen digiri 48, tsire kuwa a wuta ya kwana. Ni dai da na fara cewa "sau ɗaya a sati" sai ya koma sau uku, sai balangu, sai shawarma, cikin wata biyu na dawo gidan jiya. Wasu za su iya tsayawa a kan iyaka, ni ban iya ba, shi yasa na yanke gaba ɗaya nake shan ƙwayar B12.

Ɗan Damagaram: To Malam ai matsalar ba ta naman bace, ta mai naman ce da ya san lambar wayarka.

'Yar Jinya: Bari in sa baki tunda aikina ne. Wani bincike da aka yi a Jamus aka fitar a 1999 kan masu daɗewa a ɗanyen abinci ya samu kusan kashi 30 cikin ɗari na matan da ba su kai shekara 45 ba al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke, kuma abin yafi tsanani ga waɗanda kusan komai nasu ɗanye ne. Don haka mai ciki da mai shayarwa da yara ban ba su shawarar wannan tsananin ba sam. Sannan don Allah kar wani yace tunda ɗanye muke ci bari ya ci naman ma ɗanye ko rabin gasawa, nan ake kwasar tsutsar ciki, na shanu ma yana da ita. Haka madarar da ba a tafasa ba. Rogo da wake kuwa dole wuta. Ni kaina taifot ya kwantar da ni sati biyu kuma latas nake zargi, don a gaggauce na ɗauraye shi ranar. Yanzu ganye ɗaya-ɗaya nake wankewa da ruwa mai tsabta har sau uku, karas da gurji kuma sai na kankare bayansu.

Baban Yara: Ni tambayata kilishi, ai a rana ake shanya shi, baya cikin ɗanye?

Ɗan Damagaram: A'a Alhaji, bayan an shanya an tsoma a labu an sake shanyawa sai an ɗan nuna masa wuta a ƙarshe, ka tsaya wajen masu yi ka gani.

Maman Biyu: Na gode kwarai jama'a. Na yanke zan riƙa cin nama ko kifi sau biyu a sati kaɗan-kaɗan, kuma zan je a duba min jini kafin sallah in sha Allah. Abin da ya rage min yanzu surukata ce, ita take raba naman layya da hannunta kuma tana tsaye a kanka sai ta ga ƙasan kwano, wanda yake da dabarar wannan ya taimaka min.