Mun ɗanɗana rutbiya ido rufe, Yaya ya sha kunya. Wai me ake sa wa abin nan?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Yayana da ke tuƙin babbar mota a Amurka ya zo ganin gida, cikin tsarabarsa har da gwangwani shida na wani lemo da suke kira rutbiya: A&W biyu, Barq's biyu, Mug biyu. Ya naɗe su da tawul a tsakiyar akwati kamar mai dakon ƙwai. Tun da ya sauka yake cika mana baki, wai A&W ne nasa, ko cikin barci aka ɗiga masa a harshe zai gane shi.

Na ce to a gwada. Ranar Juma'a bayan la'asar muka taru a zaure mu biyar, zafin Garwa na dukan kwano kamar da gayya. Ƙanwarmu ce ta zuba a cikin gida, a ƙananan kofunan shayi, ta liƙa lamba a gindin kowanne. Muka ɗaure idanu da hirami, ko da yake duk launinsu ɗaya ne, baƙi-baƙi kamar Coca-Cola. Ashe 'yar banza ta ƙara kofi na huɗu, ta zuba Malta Guinness ba ta gaya wa kowa ba.

Yaya ya kurɓi na biyu, ya juya shi a baki, ya lanƙwasa wuya irin na masana, ya ce wallahi wannan ne A&W. Mug ne. Abokina tela kuwa ya ce na huɗu ya fi duka, lallai Amurkawa sun iya lemo. Da aka ce masa Maltan shagon bakin layi ce sai da ya kwanta a tabarma don dariya.

Ni dai tun kafin ya taɓa harshena hancina ya ce mini man zafin da Inna ke shafa wa gwiwa ne. Barq's kaɗai na iya warewa, don yana da ɗan cizo a maƙogwaro, sauran biyun zaƙi da laushi kawai na ji. Tambayata biyu ce: me ke ba shi ƙanshin man zafi? Kuma kalmar nan "biya" da ke cikin sunan fa? Baffa ya ji ta ya ɓata rai, Yaya ya rantse babu giya, amma bayan abin da ya faru ranar Juma'a rantsuwarsa ta yi arha.

Na Farmasi, Marwa:
Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Hancinka bai yi maka ƙarya ba. Asalin abin sha ne da ake dafawa da saiwar wata bishiya ta Amurka mai suna sasafaras. A 1960 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana amfani da safrol, sinadarin da ke cikin man saiwar, saboda an ga yana jawo wa ɓeraye sankarar hanta. Daga nan kamfanoni suka koma haɗa ɗanɗanon da wasu abubuwa, irin su banila da wani ganye da suke kira wintagirin. To ƙanshin wintagirin daga metil salisilet yake, kuma shi ɗin dai ake sa wa yawancin man zafi. Ɗan Amurka ya fara haɗuwa da ƙanshin a alawa da cingam, kai ka fara haɗuwa da shi a gwiwar Inna. Kowa da inda ya san shi.

Batun giya kuwa, ka kwantar wa Baffa da hankali, ukun nan lemo ne. Wanda ya fara yaɗa shi a kasuwa, Charles Hires, mai haɗa magani ne a Filadelfiya kuma shi kansa ba ya shan giya. Ya baje shi a babban bikin baje koli na 1876. Lokacin da Amurka ta haramta sayar da giya daga 1920 zuwa 1933 ma kasuwar rutbiya ƙara buɗewa ta yi. Sai dai a riƙa karanta jikin gwangwani, don yanzu akwai wanda ake rubuta wa "hard", wannan kam da barasa a ciki.

Barq's yana da kafeyin, A&W da Mug babu. Kuma kowane gwangwani na mililita 355 yana ɗauke da sukari sama da giram 40, kusan ƙaramin cokali goma. Kada a ba mai ciwon sukari don wai tsaraba ce.

Maman Biyu, Ngaundare:
Malam Ɗan Garwa, ni Yayanku nake tausaya wa, kun yi masa rashin adalci. Ina sayar da zoɓo, wanda muke kira folere a nan, kuma duk lokacin da zan canja haɗi sai na sa yara sun ɗanɗana ba tare da sun san wanne ne wanne ba. Abin da na lura, kofin farko ne kawai harshe ke faɗa wa gaskiya. In zaƙi ya hau zaƙi, na uku da na huɗu duk ɗaya suke zama. Kun kuskure baki da ruwa a tsakani? Kuma sanyinsu ɗaya ne? Wanda ya huce ya fi nuna zaƙi, ga iskarsa ta fice tun a tire. Ku sake, kowa a ba shi da jeri dabam, ku ci ɗan burodi tsakanin kofi da kofi, mai zubawa kuma kada ta tsaya a wurin, don dariyarta kaɗai ta isa ta tona asiri.

Kawu na Injamena:
Ikon Allah. A hau jirgi da man zafi tun daga Amurka, alhali ga tsamiya da citta a kasuwa. Telan nan shi kaɗai ne mai hankali a cikinku, ku gaishe mini da shi.

Ɗan Garwa:
Na gode Malam, na karanta wa Baffa bayaninka. Ya ce ya ji, amma shi dai ba zai sha abin da aka raɗa wa wannan suna ba, ko da zamzam aka dama shi.

Hajiya, kin kama mu. Ba mu kuskure baki ba, kuma an ɗauke wuta tun azahar, firij ɗin ya zama akwati kawai. Yaya na jin haka ya miƙe, wai dama ya faɗa, su can a kofin gilashi mai ƙanƙara suke sha, har da askirim a sama. Saura gwangwani uku, ya ɓoye su a ɗakinsa ya kulle. Mun sa Juma'a mai zuwa, za mu sayo ƙanƙara. Wanda ya faɗi shi zai sayi tsire, kuma tela ya ce in ba kofi na huɗu shi ba zai zo ba.